Wutar da Ƙaisu Ya Zo Ɗiba: Aikin Adon Harshe a Wasan Majnunu Laila

Duk almajirin da ya zauna gaban malami a zaurukan karatu na Gummi, ko Anka, ko Bukkuyum, ya kuma yi haƙuri har ya wuce littattafan farillai ya kutsa cikin nahawu da lugga, to, lalle wata rana za a buɗe masa ƙofar fannin nan da malamai ke kira balaga, watau sanin yadda ake sa magana ta dace da muƙaminta, ta kuma isa inda aka aike ta. Akan soma da Jauharul Maknuni na Shaihu Abdurrahmanil Ahalari, shi dai mai ɗan littafin tsarki da salla wanda yaranmu ke haddacewa, wanda ya yi nisa kuwa ya kai ga Uƙudul Jumani na Imamu Suyuɗi. A nan ne zai ji an raba fannin gida uku, ma'ani da bayani da badi'i, a nan ne kuma zai san tashbihi da isti'ara da kinaya da ɗibaƙi da mubalaga. Ɗan'uwansa na makarantar boko shi ma ba a bar shi a baya ba, domin ana karantar da shi kusan waɗannan abubuwa da sunayen Hausa, kamance da siffantawa da jinsintarwa da alamtarwa da kambamar zulaƙe, bisa tsarin da masana irin su Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo suka shimfiɗa wa nazarin waƙa.

Abin da ke damuna game da ɗaliban nan biyu abu guda ne. Sau da yawa sukan haddace sunayen, su iya tsinto misalinsu a cikin baiti, sa'an nan su tsaya nan, suna zaton ado wani abu ne da ake yaɓa wa magana daga waje, wanda in an kankare shi ma'ana za ta zauna yadda take. A wasiƙa ko a huɗuba mai yiwuwa ne a yi wannan zato a tsira. Amma a wasan kwaikwayon soyayya mai ƙarewa da mutuwa, irin wanda manyan marubuta suka tsara, adon harshe shi ke jan labarin, shi ke sanar da mai kallo abin da masoyan ba su sani ba, wani lokaci ma shi ne sanadin halakarsu. Babu kuwa wasan da ya fi bayyana haka ga mai karatu Bahaushe kamar Majnunu Laila na Ahmad Shauƙi.

Shi Shauƙi an haife shi a Alƙahira a 1868, ya yi karatun shari'a irin ta Turawa a Faransa, inda ya ga yadda ake tsara wasa a kan dandamali, Turawan Ingila suka kore shi zuwa ƙasar Andalus a lokacin Yaƙin Duniya na Farko, ya komo gida bayan yaƙi, har a 1927 mawaƙan ƙasashen Larabawa suka taru a Alƙahira suka naɗa shi Amirush Shu'ara'i, Sarkin Mawaƙa. A 'yan shekarunsa na ƙarshe ya duƙufa ga rubuta wasanni cikin waƙa, Majnunu Laila kuwa ya fito a 1931, shekara guda kafin rasuwarsa a watan Oktoba na 1932. Ba shi ya ƙagi ƙissar ba. Labarin Ƙaisu ɗan Mulawwahi, na ƙabilar Banu Amir a saharar Najadu, a farkon daular Banu Umayya, yana nan a warwatse cikin Kitabul Agani na Abul Farajil Asfahani tun ƙarni na 10 na Miladiyya, Nizami kuma ya waƙe shi da Farisanci a 1188. Abin da Shauƙi ya yi shi ne ya tara riwayoyin ya zuba su kashi biyar, ya sa wa kowane mutum baitoci a baki, yana sauya karin waƙa da ƙafiya gwargwadon halin mai magana, har yakan raba baiti guda tsakanin mutum biyu ko uku.

Farkon abin lura shi ne dalilin da ya raba masoyan. Laila 'yar baffan Ƙaisu ce, jininsu ɗaya, darajar gidajensu ɗaya, babu talauci a tsakani, babu gaba, aure ne irin na zumunci wanda a ƙasarmu iyaye ke murna da shi tun yara na goye. Abin da ya hana shi ne waƙa. Larabawan ƙauye na zamanin suna da al'ada cewa duk saurayin da ya ambaci budurwa da sunanta a cikin waƙar bege, abin da suke kira tashbibi, har waƙar ta yaɗu a bakin matafiya, to, ba za a ba shi aurenta ba, don kada a ce an aurar da ita ne domin rufe wani abin kunya. Ƙaisu kuwa Allah Ya ba shi fasahar da ba ta ɓoyuwa, duk baitin da ya faɗa sai ayari ya ɗauka ya kai shi wata ƙasa. Saboda haka gwargwadon kyan tashbihinsa, gwargwadon nisan da Laila ke yi masa. Mutanen da suka tashi cikin alkunya, inda uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, matar aure ba ta kiran sunan mijinta, ba su bukatar dogon sharhi kafin su gane nauyin ambaton suna a bainar jama'a, ba su kuma rasa fahimtar abin da ya sa mahaifin Laila, Almahadi, wanda ba mugu ba ne, yana ma ƙaunar yaron, ya ga ba shi da mafita.

Yanzu sai mu zo ga fitowar da ta fi kowace shahara, wadda ke ƙarshen kashi na farko. An watse daga hirar dare, kowa ya shiga hemarsa, sai ga Ƙaisu a ƙofar baffansa yana sallama, ya ce wutar gidansu ta mutu, ya zo a sam masa. Wanda ya girma a Duza ko wani ƙauye na ƙasar Anka tun ashana ba ta yawaita ba ya san wannan aike sarai, yadda akan tura yaro da tsingaro ya ɗebo garwashi a maƙwabta, ya kuma san mai ɗibar wuta ba ya zama, shi ya sa in baƙo ya yi gaggawar tashi akan tambaye shi ko wuta ya zo ɗiba. Ƙaisu ya zo ɗibar wuta, amma ya zauna. Laila ta fito masa da ita, suka shiga zance, yana riƙe da wutar yana kallonta, har wuta ta kama hannun rigarsa tana ci, Laila na yi masa kashedi, shi kuwa bai ji zafi ba, daga bisani ya faɗi a some. Da mahaifinta ya fito ya ga abin da ya auku, sai ya kore shi da magana wadda ita ma a kan wutar aka gina ta, domin ya tuhume shi da cewa gobara ya kawo wa gidan, ya kuma hana shi sake zuwa.

A dubi abin da marubucin ya aikata a nan da idon basira. Siffanta so da wuta tsohuwar isti'ara ce wadda mawaƙa suka taka har ta suɗe, babu harshen da ba a faɗe ta a cikinsa ba, kuma da Ƙaisu ya tsaya ne kawai ya ce zuciyarsa na ƙuna, da ba wanda zai motsa. Malaman bayani sun ce bambancin isti'ara da kinaya shi ne, ita isti'ara tana tare da ƙarina mai hana a ɗauki ma'anar zahiri, alhali kinaya ba ta hanawa. In Balarabe ya ce wane mai yawan toka ne, yana nufin mai karimci ne, amma kuma da gaske akwai tokar a bayan hemarsa saboda yawan dafa wa baƙi abinci. Shauƙi ya ɗauki isti'arar da ta tsufa ya mai da ita kusa da kinaya, ya sa wutar gaske a hannun mai wutar zuci, ma'anonin biyu suka tsaya tare a gaban mai kallo, kowace tana gaskata 'yar'uwarta. Wutar hujja ce ta zuwa, shaida ce ta tsananin so tun da ta ci tufa mai ita bai sani ba, sa'an nan a bakin uba ta zama abin kunyar da zai cinye mutuncin gida. Mutum uku sun yi magana a kan abu ɗaya, kowa da abin da yake nufi, kuma kafin a rufe labule mai kallo ya riga ya san cewa wannan so ba zai dafa wa kowa abinci ba. Wannan aiki waƙar da ake karantawa a takarda ba ta iya shi, sai wasa, domin a wasa ne kaɗai ake iya ɗora majazi a kan tafin hannu a nuna wa jama'a.

Haka ya sake yi a kashi na biyu, ko da yake a taƙaice. Ƙaisu ya bar gida yana yawo a hanyar ayari, ya rame, hukuma ta halatta jininsa saboda ƙarar da dangin Laila suka kai, sai mahaifiyarsa ta aiko masa da naman tunkiya wadda wani boka ya ce a yanka a cire zuciyarta a ba shi ya ci, wai zai warke. Ya yi ta laluben zuciyar a cikin naman bai samu ba, ya ture akushin. Ba sai an yi wa kowa tafsiri ba: masu neman yi masa magani sun cire ainihin abin da ciwon yake ciki, kamar yadda ƙabilar ke son ta daidaita al'amarin ba tare da ta dubi zukatan yaran biyu ba. Mubalaga ma haka ya yi da ita. Mawaƙa sun saba cewa ambaton masoyi yana kashewa yana rayarwa, shi kuwa sai ya sa mu ga Ƙaisu yana suma yana farfaɗowa a kan sunan Laila, abin da a baiti za a kira kambamar zulaƙe ya zama hali na majinyaci wanda ake tausaya wa.

Fitowar aljannu ta kashi na huɗu, inda Ƙaisu ya ɓata ya faɗa ƙauyensu ya sadu da shaiɗanin da Larabawa ke riya cewa shi ke sanya wa mawaƙi waƙa a baki, tana da daɗin ji, amma a ganina ba ta ƙara wa labarin nauyi sosai ba. Wadda ta fi ta ita ce ta kashi na uku, sa'ad da Ibnu Aufi, mai karɓar zakka na hukuma, ya zo roƙon a ba Ƙaisu aure, uban ya mai da zaɓi ga 'yarsa, ita kuwa, a gaban dattawa, ta ƙi wanda take so ta zaɓi Wardu mutumin Saƙifa, don tsare al'ada da sunan mahaifinta, tana komawa cikin hema ta fashe da nadama. Ɗibaƙi a littafin badi'i haɗa kalmomi biyu ne masu kishiyantar juna a jimla guda. A nan an haɗa harshe da zuciya masu kishiyantar juna a mutum guda, kuma daga wannan rana har kabari Laila ba ta sake zama abu ɗaya ba, matar Wardu ce wanda ya girmama ta bai kusance ta ba, masoyiyar Ƙaisu ce wadda ta ƙi bin sa su gudu ko da ya roƙe ta.

Kashi na biyar yana buɗewa ne a maƙabarta, a gindin dutsen Taubadi, an binne Laila masu makoki suna watsewa. Sai ga Ƙaisu ya iso bai san abin da ya faru ba, ya ga dutsen da shi da Laila suka yi kiwon tumaki a gefensa suna yara, ya shiga yi masa magana kamar mai rai, yana yi masa addu'ar ruwan sama, yana tuna masa ƙuruciyarsu. Manazarcin Hausa zai ce mutuntarwa ce, malamin zaure zai ce isti'ara makaniyya ce, ya kuma tuna tsayuwa a kan kufai wadda ya karanta a waƙoƙin Imru'ul Ƙaisi da sauran mawaƙan Jahiliyya. Dukansu sun yi daidai, baitocin kuwa sun shahara har Muhammad Abdul Wahab, babban mawaƙin Masar, ya rera su. Amma abin da ke sa hawaye bai tsaya ga daɗin baitin ba. Mai kallo ya ga jana'izar, Ƙaisu bai gani ba, saboda haka kowace kalma mai taushi da ya faɗa wa dutsen tana da ma'ana biyu, ɗaya a gare shi, ɗaya a gare mu, yana gaisuwa da wurin da so ya fara alhali yana tsaye a wurin da ya ƙare. Mutanen yammacin Zamfara, waɗanda da yawansu rashin zaman lafiya na shekarun nan ya tashe su daga garuruwansu, suka san yadda mutum ke komawa kufan gidansu ya tarar da itacen da ya sani yana tsaye mutanen babu, ba na tsammanin akwai masu karatun da za su fi su jin wannan fitowa a jika.

In muka waiwaya Ingila za mu tarar da irin wannan sana'a a hannun Shakisfiya, wanda ya rubuta Romiyo da Juliyet wajen 1595, aka fara buga shi a 1597. Shi ma aro ya yi, daga wata doguwar waƙa ta Arthur Brooke ta 1562, sai dai ya matse labarin da ya ɗauki watanni ya mai da shi 'yan kwanaki, ya rage shekarun yarinyar har ba ta cika goma sha huɗu ba, domin gaggawa ita ce cutar da yake son nunawa. A birnin Berona na Italiya gidaje biyu ne ke gaba tun kaka da kakanni, ɗan wannan gida ya so 'yar wancan. Romiyo yana siffanta Juliyet da haske iri iri, fitila da rana da taurari, amma galibi da dare suke haɗuwa, ketowar alfijir kuwa ita ke raba su. Ita da kanta ta kamanta alkawarinsu da walƙiya saboda saurinsa, malamin kiristan da ya ɗaura musu aure a ɓoye ya kamanta shi da haɗuwar wuta da albarushi. Hasken da aka fara yabo da shi a hankali ya koma haske mai ƙonewa ya mutu nan take, kuma fitila ta ƙarshe da muka gani a wasan a cikin kabari take. Tun daren haɗuwarsu Juliyet ta haɗa kabari da gadon amarci a magana guda, malamin nan kuma, farkon fitowarsa, yana riƙe da wani tsiro yana bayanin cewa dafi da magani suna zaune tare a cikinsa; kwana kaɗan bayan haka maganin barcin da ya ba yarinyar, mai sa ta zama kamar gawa har awa 42, shi ya jawo Romiyo ya sha dafi, domin wasiƙar da za ta sanar da shi gaskiya annoba ta tsare ta ba ta isa gare shi ba.

Akwai darasi guda a wannan wasa wanda nake so ɗalibai su riƙe, domin yana warware zaton cewa yawan ado shi ne fasaha. A farkon wasan, tun Romiyo bai ga Juliyet ba, yana begen wata yarinya dabam, sai ya yi ta jero kalmomi masu kishiyantar juna, nauyi da sauƙi, zafi da sanyi, har abokansa na yi masa dariya. Marubucin da gangan ya cika masa baki da takallufi don mu gane son bai kai zuci ba. Can tsakiyar wasa, da Juliyet ta ji cewa mijinta na sa'o'i kaɗan ya kashe ɗan'uwanta, ita ma sai ta jero irin waɗannan kalmomi, amma a bakinta ba su zama wasa ba, domin da gaske mutum ɗaya ya zama mata masoyi da maƙiyi a yini guda. Dabara ɗaya ce, suna ɗaya za a ba ta a takardar jarrabawa, amma a wuri ɗaya ƙarya take tonawa, a ɗayan gaskiya take faɗa. Wanda ya ƙirga ta sau biyu ya wuce bai karanta wasan ba. In an tambaye ni hukunci tsakanin marubutan biyu, sai in ce Shakisfiya ya fi iya saƙa, don zaren da ya ɗaura a fitowar farko ba ya sakinsa sai a ta ƙarshe, Shauƙi kuwa wani lokaci daɗin waƙa kan ɗauke shi labari ya tsaya yana jira. Amma Shauƙi ya fi kusa da mu nesa ba kusa ba, a al'ada da kunya da yadda mutanensa ke ɗaukar ƙaddara.

Na san akwai dattawa masu tsoron Allah da za su ce me ya haɗa ɗalibin ilmi da labarin masoya, balle wanda ya ƙare da mutum ya kashe kansa, abin da shari'a ta haramta haramci mai tsanani. Tsoronsu yana da tushe, ba kuma kowane littafin soyayya ne ya cancanci a ba yaro ba. Sai dai a tuna cewa Ka'abu ɗan Zuhairu ya buɗe ƙasidarsa ta Banat Su'adu da begen mace, ya kuma karanta ta a gaban Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, Imamu Busiri ma da bege ya buɗe Alburda wadda ake rerawa a garuruwanmu, sufaye kuma sun daɗe suna ɗaukar Laila alama ta abin da rai ke nema wanda ya fi duniya. Masoyan Shauƙi ba su kashe kansu ba, ba su kuma keta haddi ba, baƙin ciki ne ya kashe su da mutuncinsu. Na Shakisfiya kuwa, wanda ya bi siffofin walƙiya da albarushi da dafi tun daga farko zai ga marubucin bai yabi gaggawarsu ba, laifi mafi girma kuma ya ɗora shi a kan iyayen da suka gadar wa 'ya'yansu gabar da ba wanda ya tuna mafarinta.

Rubutaccen wasan kwaikwayo na Hausa yana da tushe a nan maƙwabtanmu, domin Alhaji Abubakar Tunau, mutumin Mafara, shi ya rubuta Wasan Marafa wanda aka buga a 1949, kafin Shu'aibu Maƙarfi ya fito da Zamanin Nan Namu da Jatau Na Kyallu, Ibrahim Yaro Yahaya kuma ya juya wani wasan Shakisfiya na ban dariya zuwa Daren Sha Biyu. Galibin wasanninmu na farko sun karkata ne ga gargaɗi da gyaran hali, cikin maganar yau da kullum mai cike da karin magana da habaici, suka bar zurfin siffantawa ga makaɗa irin su Narambaɗa da Sa'idu Faru. Harshen da ya ɗauki waƙoƙin mutanen nan, ya kuma ɗauki tarjamar Alƙur'ani mai girma a hannun Shaihu Abubakar Mahmud Gumi, ɗan garin Gummi, ba zai gaza ɗaukar Ƙaisu da Laila ba. Saboda haka ina roƙon malaman Larabci da na Hausa a makarantun Anka da Gummi da Bukkuyum su haɗa kai su juya ko da kashi na farko ne na wasan nan zuwa waƙar Hausa mai kari da ƙafiya, su ba ɗalibai su yi shi a gaban iyayensu ranar rufe makaranta, sa'an nan in sun koma aji, kafin su tambayi yaro sunan wani ado, su fara tambayarsa aikin da adon ya yi a cikin labarin.